Ba Wanda Ya Faɗi Sunanta

Asabar da dare, unguwar Kilomita Biyar

Ƙafafuna na zogi, amma ba su suka hana ni barci ba. Yau na je laccar da aka yi kyauta kusa da Masallacin Koudoukou, a kan matan da suka yi wa unguwar nan hidima. An yi ta jero masu digiri da Faransanci. Ba wanda ya ambaci marigayiya, wadda ta yi ungozoma daga unguwar Miskine har nan, ba ta taɓa tambayar addinin mai naƙuda ba.

Na dogara sandata na miƙe na faɗi haka. Yarinyar da ke riƙe da makirufo ta ce, "To Baba, yaya sunanta?"

Uwargidana ce fa! Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunanta ba, sai yau a bainar jama'a? Na ce, "'Yata, tambayi mutanen nan." Na juya ina duban waɗanda ta yanke wa cibiya, ina jiran wani ya faɗa. Shiru. Wani ma dariya ya yi, wai tsoho ya manta sunan matarsa. Aka ba wani makirufo.

Ni ne na manta? Ni?