Bawul ɗin Gidan Baƙi da Hannun Heluma Sama'ilu

Daga: Halliru Roni, mai gyaran famfo
Zuwa ga: Mai Girma Wakilin Sana'a, Kazaure
Litinin, 7 ga Fabrairu, 1955

Game da: Cire sunana daga masu zuwa kwas Kaduna

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina neman izinin kawo kukana. Ba ni da yawan magana, zan taƙaita.

1. Ran 24 ga Janairu aka ba ni aikin ruwan zafi na gidan saukar baƙi. Duro ɗaya ne bisa murhu a bayan gida. Bututu biyu ne suka fita daga gare shi, kowanne ya zagaya ya komo: gajere ya bi kicin, dogo ya bi ɗakin wanka na can ƙurya. Ruwa kuwa, Allah ya ba ka nasara, ɗan son banza ne, gajeriyar hanya yake bi. Kicin na tururi, ƙurya sanyi ƙalau.

2. Na rage bawul ɗin kicin juyi biyu da rabi don ruwan ya rabu daidai. Kwana biyu ina juyawa ina taɓa bututu kafin na samu wurin. Haladu kuku shaida ne, shi ya sa hannu a famfon ƙurya ya janye da sauri.

3. Helumanmu, Malam Sama'ilu, babba ne, ya girmi mahaifina, ba na raina shi. Amma shekara ashirin yana aikin famfon kasuwa da na mayanka, inda bawul ko dai a buɗe yake ko a rufe. A wurinsa na tsakiya aikin rago ne. Ran 27 ga wata ya zo duba aiki, ya buɗe bawul ɗin kicin har ƙarshe, ya yi mini nasiha mai tsawo kan yaran makarantar Midil irina da ba sa ƙarasa abin da suka fara. Na mayar. Washegari ya sake buɗewa. Sau huɗu muna haka, ni da safe, shi da hantsi.

4. Ran Laraba, 2 ga Fabrairu, Baturen Gona ya sauka a ɗakin ƙurya, ya yi wanka da ruwan sanyi. An ji muryarsa har bakin titi. A ranar aka rubuta cewa na bar aiki rabi, aka soke sunana. Ba a tambaye ni ba.

5. Takardar masu zuwa kwas za ta tafi ran 14 ga wannan wata. Shekara biyu ina jiran ta. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk Roni.

Don haka ina roƙo, ba don a ci mutuncin kowa ba, Mai Girma ya zo gidan baƙi kafin ranar, a hura wuta, a gwada famfon ƙurya yadda Malam Sama'ilu yake so, sannan a gwada yadda na saita. In nawa bai yi zafi ba, na haƙura da Kaduna, ba za a ƙara jin bakina ba. In ya yi, a mayar da sunana, a kuma ba ni izinin cire abin murɗa bawul ɗin in kawo ofishinka a ajiye a durowa, kada a ƙara taɓa shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Halliru Roni