Shiddaniyar Glory

Manga

Zuwa ga Malama Magdalene,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki da ɗalibai? Leah ce, ɗalibarki ta dā. Na haifi mace, Glory, amma tana da shiddaniya, wato yatsa na shida, a hannun hagu. Matan unguwa sun ce wani abu na ci ko na tsallaka da ciki. Surukata ta kalli hannun, ta yi shiru. Mijina Aaron yana bakin daga, kullum yana neman hoton 'yarsa, ni kuwa ina ɓoye hannun cikin zane. Malama, laifina ne?

Taki, Leah

Zuru

Leah 'yata,

Barka da arziki! Ba laifinki ba ne.

Kin san ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro? Mutane na ɗauka ba abin da ya haɗa ginin jikinsu da namu. Akwai. Tun tsutsar tana cikin ƙwai, ƙwayoyin jikinta ke aika wa juna saƙo: nan ne gaba, nan ne baya. Da masu bincike suka lalata saƙon, sai tsutsar ta fito duk tsika, suka raɗa masa suna bushiya. Daga baya suka tarar da irinsa a ɓera da mutum. Shi ke tsara yatsu a cikin mahaifa, daga babba zuwa ƙarami. Idan ya ɗan sauya, sai yatsa ya ƙaru, kuma sau da yawa gado ne.

Kada ki bari a ɗaure yatsan da zare, ki kai Glory asibiti. Ki aika wa Aaron hoton, hannu a buɗe.

Malamarki, Magdalene

Manga

Malama,

Ina gaisuwa. Na aika wa Aaron. Sai ga hoton hannunsa, da ɗan tabo a gefen ƙaramin yatsa. Ya ce, "To, wannan kam ba mai ƙwace mini ita." Na nuna wa Mama surukata, ta ce ita ma haka aka zarge ta lokacin haihuwarsa, shi ya sa ta kasa magana. Jibi za ta raka ni asibiti. Amma ta ce zancen ƙuda sai ta gani da idonta.

Leah

Zuru

Leah,

A gaishe mini da Mama. Ku sa ɓawon mangwaro a kwalba, ƙuda su sauka, ku rufe da ƙyalle. In tsutsa ta fito, ku dubi jikinta gaɓa-gaɓa, a jere kamar yatsu. Ku kalla tare, Glory na kan cinyarta.

Magdalene