Ka Jefar da Safar, Ka Riƙe Hannun

Zuwa ga Orest, sanyin idona, farin cikin raina, hasken da ke kwanciya a kan alkama da yamma, mai taurin kan da babu na biyunsa a duk faɗin lardin Saskatchewan.

Ina gaishe ka gaisuwa mai faɗin gonarka. Ina kewarka yadda ƙasa ke kewar ɗumi bayan doguwar ƙanƙara! In na ga agwagin daji sun nufi arewa, sai in ji kamar in roƙe su su sauke ni a ƙofar rumbunka. Amma yau da faɗa na zo, masoyina, gyara zama.

Ƙanwarka Lesia ta tona maka asiri. Ta ce mini, "Yaya Nadine, mutumin naki fa ya zama abin kallo. Da safar hannu ta fatar nan da kika ba shi yake feshin maganin ciyawa, hannu duk ƙuraje, yatsu sun kumbura. In an yi magana ya ce kyautarki ce, shi da ita sai kabari." Na yi dariya har da ƙwalla, daga baya ƙwallar ta zama ta gaske.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa shagonmu na kayan noma? Ka gama gyaran shingen shanu, waya mai ƙaya ta yi maka zane a tafi, kana ɓoye hannu a aljihu kamar wanda ya ɗauki abin wani. Ƙusa ka zo saye. Na ciro safar fatar barewa na tura maka, na ce, "Malam, hannun nan aro ka yi ne da kake wulaƙanta shi haka?" Ka yi ja har kunne, ka fita ka bar ƙusar a kan kanta. Tun ranar zuciyata ta bi ka gona, har yau ba ta dawo ba.

To amma don wayar shinge na ba ka ita, ya abin ƙaunata, ba don guba ba! Fata shan ruwa take yi. Duk abin da ka fesa tana tsotsewa ta ajiye, ka sake zura hannu ta mayar maka. Wace irin soyayya ce wannan, da za ka riƙa jiƙa hannunka a magani saboda ni? Na ce maka ina son miji mai yatsu kamar dankali?

Zoben aurenmu yana wurina, kuma da ma da ƙyar ya wuce gaɓar yatsanka ranar gwaji. Bayan girbi za mu tsaya a coci gaban mahaifiyarka da duk dangi. So kake in tsaya ina tura zobe ina nishi, Lesia tana ƙyalƙyala dariya a bayana? Wannan ma da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne in rasa lafiyar hannun da ya share mini hawaye ranar da muka binne babana.

Ga kwali nan na aiko. Koriyar safar robar mai tsawo har gwiwar hannu ita ce ta feshi, ka wanke ta kafin ka cire. Akwai sabuwar ta fata don waya da itace, da mai kaurin nan ta walda, don na san halinka, sai ka ce ai ɗan liƙi ɗaya ne, ba sai da safa ba. In kuwa ka matso kusa da ƙarfen da ke juyawa, cire komai, kada inji ya kama bakin safa ya ja har da mai ita. Kuma gobe ka je likita ya duba ƙurajen nan, ba jibi ba.

Tsohuwar fa? Na san za ka ce a bar maka ita ko a aljihun mota. A'a, rabin raina. Ƙulle ta a leda, ka haɗa da tsofaffin jarkokin maganin da za a kwashe a zubar. Ni na ba ka, ni kuma na ce ta gama aikinta, tunda ta kawo ka inda nake so ka zo. Hannun da ya miƙa maka ita yana nan, ba ya yagewa, ba ya buƙatar sauyi, kuma ba zai taɓa miƙa wa wani komai ba. Shi za ka riƙe.

Taka, a rani da ƙanƙara, har yatsunmu su tsufa tare,

Nadine