Mai Gyaran Famfo

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura idan kin daɗe a tsaye? Mu ma nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake nufi. 'Yan biyu sun koma makarantar kwana, gidan ya rage daga ni sai babansu sai Inna, surukata.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce. In na buɗe baki kuka zai riga magana fita, ni kuwa na yi wa kaina alkawarin ba zan zubar da hawaye a kan mutumin nan ba.

Kin san ciwon mantuwar Inna ya shiga shekara ta uku. Likita ya ce kowace safiya a buɗe mata littafin hotuna, a nuna mata mutanenta ɗaya bayan ɗaya ana gaya mata ko su wane ne. Ni nake yi, bayan na yi mata wanka. Duk hoton da na nuna sai ta ɗaga ido ta kalle ni tukuna, in na gyaɗa kai sannan ta yarda. Ɗan nata kuwa ba ta kiransa da komai sai Sarkin Kuka, wai yana jariri har maƙwabta ba sa samun sukuni.

Kin kuma san Nas, ma'aikaciyar asibitin nan, aminiyata tun muna aji ɗaya, wadda kika sha gaya min bakinta ya cika zaƙi. Ita ke zuwa duk Talata ta auna jinin Inna, ranar da nake kaiwa ƙarfe huɗu a makarantar da nake koyarwa. Ni uwar wauta har turare nake saya mata na godiya.

Makon jiya ina taje wa Inna kai, sai ta tambaye ni me ya sa nake barin mai awon jini tana saka silifas ɗina tana shiga ɗakina. Na yi dariya na ce ciwo ne, amma maganar ta ƙi barin zuciyata. Talatar nan na ce wa shugabar makaranta kaina na ciwo, na dawo gida ƙarfe sha ɗaya. Na'urar awon jini tana kan tebur a falo, ko buɗe jakarta ba a yi ba. Inna tana zaune ita kaɗai, ta naɗe hannun rigarta tana jiran a auna ta. Takalman Nas suna ƙofar ɗakina, silifas ɗina babu. Ina tsaye a wurin na ji Nas daga ciki tana ce wa mijina tsohuwar fa ta gan su. Ya yi dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta, ko ta gani kafin yamma ta manta.

Yaya, cin amanar ya yi min ciwo, amma dariyar nan ce ta gama da ni. Ni ke wanke kashi da fitsarin uwarsa, shi kuma ya mayar da ciwonta labule yana ɓuya a bayansa.

Ban buga ƙofa ba. Na fita na zauna a tashar bas har ƙarfe huɗu, na dawo na dafa abinci na zuba masa, ya ci har da neman ƙari. Kada ki gaya wa Baba, kada kuma ki ce in haɗa kayana. In na tafi ai gata na yi masa. Ina nan daram, sai na ga ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana.

Ki gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa, ina fatan amsata ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Na ga kin cika shafi biyu da haƙuri. Na karanta, na naɗe, na ajiye.

Na ɗauki dogon hutu daga makaranta, na ce zan kula da Inna da kaina. Dangin miji sai sa min albarka suke yi. Na koyi awon jini, na kira Nas na yi mata godiya da murya mai daɗi, na ce ta huta haka. Ta yi ta kame-kame, na bar ta tana yi.

Kwanaki na yi ina tunanin abin da zan yi masa. Na yi tunanin tona masa asiri a gaban danginsa, amma irinsu kunyar mako guda ce, ya sunkuyar da kai a ba ni haƙuri, shi ke nan. Ina son abin da zai zauna masa a ƙirji har ya mutu. Duk duniya kuwa abu ɗaya na san yana so tsakani da Allah, shi ne Inna ta kira shi Sarkin Kuka ta shafa kansa. Ƙaton mutum mai furfura a gemu, sai ki ga ya narke kamar man shanu.

Dabarar ita ta kawo kanta. Famfon banɗakin Inna ya fara ɗiga, shi da kansa ya shigo da sifana ya ɗaure shi. Da ya fita ta kalle ni ta ce wane ne wannan. Ta sha tambaya haka, kullum in ce ɗanki ne. Ranar sai na ji bakina ya ce mai gyaran famfo ne. Ta ce to. Yaya, wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har tafin ƙafa.

Washegari na zare duk hotunansa na girma daga littafin, na bar na yarintarsa kawai, na ɓoye sauran a ƙasan akwatina. Kowace safiya in nuna mata yaro mai gajeren wando in ce ga Sarkin Kuka. In ta tambayi ina yake, in ce aiki ya yi masa yawa, bai samu zuwa ba. Famfon kuma duk bayan kwana biyu in ɗan kwance shi, don ya riƙa shigowa da sifana a hannu.

Mako uku ya ɗauka. Jiya ya shigo ya zauna a gefen gadonta kamar yadda ya saba, sai ta jawo mayafi ta rufe kai, ta ce malam ya tashi, ba tarbiyya ba ce baƙo ya hau gadon tsohuwa. Ya ce Inna ni ne fa. Ta kalle ni, na sunkuyar da kai ina gyara zanen gado. Da muka fito na tuna masa likita ya ce kada a riƙa yi mata gardama. Ya tsaya tsuru-tsuru a tsakar falo, ni kuwa na shiga kicin na yi dariyar da ba ta da sauti har cikina ya ƙulle. Ai shi ne ya ce wa Nas kafin yamma ta manta. To ga shi ta manta, sai ya more.

Ina gaida maigidanki.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso, na kuma ji zafinta. Kin ce ba ki san ni da wannan halin ba. Ni ma ban san kaina da shi ba sai da aka koya min.

Kin tambaye ni ko na huce. Ban huce ba, amma ina samun barci, abin da na rasa tun ranar Talatar nan. Ki zo ki ga mutuminki. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Yanzu ko famfo bai lalace ba sai ya ɗauki sifana, don da ita kaɗai Inna ke barinsa ya shiga. Ya durƙusa a banɗaki yana taɓe-taɓen ƙarya yana leƙenta ta ƙofa. Wani lokaci ya ɗauko mata labarin yarintarsa, yadda ya faɗo daga keke ya karye ta goya shi har asibiti. Da ya fita ta jawo ni ta raɗa min cewa in yi hankali da mai famfon nan, ya cika bin diddigin gidan mutane.

Ya nemi hotunansa a littafin, na ce Inna ce ta yayyaga su ranar da ciwon ya motsa. Ya yarda. Shekara sha bakwai ban taɓa yi masa ƙarya ba, to yau ga amfanin ta.

Shekaranjiya ya same ni ina wanke-wanke, ya ce yana jin Allah ne ke kama shi da wani laifi. Ya tsaya yana jira in tambaye shi wane laifi, ya samu ya sauke kayansa a kaina, in yafe, ya ji sakayau. Ban tambaya ba. Na ce Allah ya sawwaƙe, na miƙa masa tawul ya goge kwanuka.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wai Inna me ta yi min. Ba ta yi min komai ba, kuma ban rage ta da komai ba. Wankanta, abincinta, maganinta, duk a kan lokaci. Gaskiya ne takan zauna a bakin taga tana kallon titi tana tambaya ko ya zo, wani lokaci har da ɗan hawaye. Ta kuma koyi ɓoye abu a ƙarƙashin matashi, ɓarin lemo ko biskit, wai na Sarkin Kuka ne. Amma ki kwantar da hankalinki, ba ya daɗe mata a rai, kafin yamma ta manta.

Kada ki zo, kada kuma ki turo min kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da ta'aziyyar da kika aiko. Kin ce in rubuto miki yadda aka yi. Ga shi, ban rage komai ba.

Sanyi ne ya shiga ƙirjin Inna, likita ya duba ya ce sai dai addu'a. Safiyar Asabar muna ɗakinta mu biyu. Shi yana zaune a ƙasa, sifanar tana gefensa, ya riƙe ƙafar gado. Sai kuka ya ƙwace masa, irin na yaro, da shessheƙa. Inna ta buɗe ido, ta saurara, ta ce ita fa ta san kukan nan. Ta juyo ta kalle ni, irin kallon da take min kowace safiya tana jira in gyaɗa kai.

Yaya, na samu lokaci. Ba zan ce miki ban samu ba. Na ƙi gyaɗa kai, na tsaya ina kallonsa, ina so ya ƙara ɗanɗana ko da na numfashi uku ne. Da na buɗe baki na ce mata shi ne, Sarkin Kuka ne, ɗanki ne, idon nata ya riga ya koma yadda yake. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ke ma mantuwar ta kama ki? Ai mai famfo ne."

Na ruga ɗakina na zazzage akwati, na kwaso hotunan na zo ina tura mata su a fuska ina rantsuwa. Ta ture hannuna. Ta ɗora tafinta a kansa ta ce Allah ya yi masa albarka, shi da ba su haɗa komai ba kullum yana zuwa, ya fi mata ɗan da ta haifa. Ni kuma ta ce in Sarkin Kuka ya zo in gaya masa ta jira shi, in ba shi ajiyarsa da ke ƙarƙashin matashi. Kafin rana ta take ta cika.

Ya ga hotunan a hannuna, waɗanda na ce ta yayyaga. Ya jira sai da masu ta'aziyya suka watse. Ya tambaye ni tun yaushe na san zancensa da Nas. Na gaya masa ranar, na gaya masa sa'ar, na maimaita masa maganarsa kalma bayan kalma. Ina cikin faɗa na tuna na rubuta miki ita da hannuna a wasiƙar da ta wuce, ban ma lura ba.

Jiya na ɗaga matashin. Busasshen lemo ne da gutsattsarin biskit da alewa biyu, a ƙulle cikin hankici. Na zuba a faranti na kai masa, na ce Inna ta ce ta jira ka. Har yanzu ban san ko amana na sauke ba, ko wuƙar ƙarshe na soka masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa a gabana ya ce in yafe masa.

Na samu abin da na nema, Yaya, har da ƙari. Watanni ina mafarkin ganinsa a durƙushe, ga shi na gani, kuma abin da na ji hassada ce. Shi yana da wadda zai durƙusa wa, ina raye, wata rana ma ƙila in ce na yafe. Wadda ni zan durƙusa wa mun rufe ta ranar Asabar, ta tafi tana ganin duk duniya ni kaɗai ce ba na yi mata ƙarya.

Yanzu kam ki zo. Ki yi wa Inna addu'a, in da saura ki sa da ni.

Ƙanwarki,
Auta