Yayana Ya Sa Wa Baba Kwaɗo, Ya Hana Shi Hawa Bas

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ya saurare ni har ƙarshe ba tare da ya katse ni da cewa in yi haƙuri ba. Haƙurin ina yi, amma yau ba shi nake nema ba.

Maganar mahaifina ce. Mai gyaran agogo ne, ko kuwa in ce da can. Tun kafin a haife ni yake da ɗan teburinsa mai gilashi a bakin tashar jirgin ƙasa ta wajen kasuwa, kuma da teburin nan ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta ni da yayana, mu biyu kaɗai Allah ya bar masa. Kullum da safe sai ya hau bas daga bakin layinmu zuwa babbar tasha, daga can ya shiga jirgi ya sauka a kasuwa. Da wayar hannu ta zo mutane suka daina ɗaura agogo, ga hannunsa ya fara rawa, sai ya bar wa wani mai sayar da caja wurin. Amma fitar bai daina ba. Yakan je ya zauna a benci kusa da tsohon abokinsa mai gyaran takalma, su yi hira, bayan azahar ya dawo gida.

Da Mama ta rasu ne muka fara lura da abin. Sai ya ajiye hularsa a cikin firji. Sai ya tambayi ko Mama ta dawo daga unguwa, a faɗa masa gaskiya, ya yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, anjima ya sake tambaya. Har muka daina faɗa masa. Mutane suka ce gigin tsufa ne, ba shi da magani. A gida yanzu wani lokacin yana ɗaukata ƙanwarsa ce wadda ta rasu ina goye, wani lokacin kuma ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, har ya ce a kawo mini ruwa.

To Anti, ga abin da ba wanda yake yarda da ni in na faɗa. Ni malamar firamare ce, gidan mijina layi biyu ne tsakaninmu da gidan Baba, kuma bas ɗin da yake hawa shi nake hawa zuwa makaranta. Wallahi da zarar ya sa ƙafa a matakalar bas ɗin nan sai ya dawo Babana. Ya san kowace tsayawa kafin a kai. Ya san ramin da ke gaban gidan mai, har yakan riƙe mini hannu kafin mota ta faɗa. Kwandastan, wani gajeren dattijo mai tumbi da kowa ke ce wa Dogo, shi ke tsare masa kujerar da ke bayan direba, ko da mutane sun cika maƙil ana tsaye ana riƙe da ƙarfe. Baba yakan leƙa hannun direba ya ce agogon nan halin mai shi ya ɗauko, kullum a makare, mota ta kwashe da dariya, alhali kullum maganar ke nan. Akwai wata mai kai ƙwai kasuwa, a cinyarsa take ɗora kiret ɗinta, ya rungume shi kamar jariri. Akwai ma'aikaciyar asibiti da ke tasowa daga aiki da safe tana gyangyaɗi, shi ke tashinta in an zo wurin saukarta. A cikin hayaniyar nan da warin mai da zufa, da tagar da ba ta rufuwa ko ana ruwa, nan ne kaɗai yake juyowa ya kalle ni ya ce mini Uwata, yadda yake kirana tun ina ƙarama. Yakan tambaye ni yaran ajina, ya tuna mini in gyara mayafina ƙofa za ta kama. In na sauka a makaranta ya ɗaga mini hannu ta taga, ya wuce tasha. Da ɗan wannan nake rayuwa, Anti.

Kwanakin baya aka yi gyaran layin dogo, ba mu sani ba. Yana dawowa, jirgi ya tsaya a wata tasha kafin babbar tasha, aka ce kowa ya sauka ya nemi mota. Baba ya fito ya ga wurin da bai saba ba, ya bi mutane ya shiga bas ɗin da ya fara gani, ashe mai fita bayan gari ne. La'asar ta yi bai dawo ba. Na bar komai na fita, yayana ya rufe shagon waldarsa, muka rabu, ni tasha-tasha shi asibiti-asibiti. Ban san ina da ƙarfin yin ihu a cikin mutane ba sai ranar. Gab da faɗuwar rana wani direban da ya san shi ya hango shi a gefen babban titi ya kira Dogo, Dogo ya kira yayana. Wata mai sayar da lemo ce ta janye shi daga tsakiyar titi, ta ce saura kaɗan babbar mota ta bi ta kansa. Yayana ya same shi zaune a ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya, tafin ƙafarsa ya tsage, wandonsa a jiƙe, ya rungume jakar kayan aikinsa yana tambayar matar ko jirgi ya wuce. Bai gane yayana ba. Sai da yayana ya goya shi ya sa a mota.

Washegari yayana, da yake shi da iyalinsa ke zaune da Baba, ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar gida, ya ce Baba ya gama fita. 

Amma ki zo ki ga yadda ya koma. Da asuba yake shiryawa kamar kullum, ya sa hula, ya rataya jaka, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Yana jin hon ɗin bas daga bakin layi, ya jijjiga ƙofar, ya kira matar yayana ya ce ta buɗe zai makara. Ita kuma baiwar Allah ga girki ga yara, sai ta ce masa yau hutu ne, gobe ma ta ce hutu ne. Yanzu ya daina jijjigawa. Yana tsayawa ne kawai har rana ta ɗaga, sannan ya koma ya kwanta da takalminsa. Abinci sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Rigunansa sun yi masa yawa. Rannan na je na tsuguna ina cire masa takalmi, ya dube ni a hankali ya tambaye ni, cikin ladabin nan da yake yi wa baƙi, ko na san abin da ya sata aka tsare shi. Na shiga banɗaki na yi kuka har matar yayana ta ƙwanƙwasa.

Na yi wa yayana magana, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce kashe shi yake yi a tsaye. Ya ce ni ban ga abin da ya gani ba, kuma in na buɗe ƙofar nan mota ta take Baba, kada in sake kiransa ɗan uwana. Tun ranar sai gaisuwa sama-sama. Mijina ya ce ba zai shiga tsakanin wa da ƙanwa ba.

Ni ma na daina hawa bas ɗinmu. Kullum na shiga sai Dogo ya tambaye ni Baba, mai ƙwai ta tambaya, kujerar nan a bar ta ba kowa har sai an yi nisa. Na kasa. Yanzu zagaye nake yi in hau wata motar inda ba wanda ya san ni, ina isa makaranta a makare, shugabarmu har ta fara yi mini magana.

Anti, akwai makulli ɗaya a hannuna, matar yayana ce ta ba ni saboda ko ta-kwana. Kullum da safe yana cikin jakata. Zuciyata tana ce mini in je in buɗe masa mu tafi, in ya so duk abin da zai faru ya faru, gara ya ƙarasa kwanansa yana mutum. Wata zuciyar kuma tana nuna mini shi a tsakiyar titi. Shin son kaina ne nake yi, don ni nake son in ji ya sake kirana? Ko yayana ne tsoro ya rufe wa ido? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki,
'Yar Mai Agogo

*

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Allah ya saka miki da alheri, ke da yayanki da matarsa.

Gaskiya kika nema, to ga ta: kada ki buɗe ƙofar nan a ɓoye, kuma Baba ya gama tafiya shi kaɗai. Ƙafarsa ce ta haddace hanya, ba kansa ba, kuma hanya tana canzawa ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Yau gyaran layi ne, gobe mota ce za ta lalace a sauke fasinja. Ki yi kukan wannan rashin, don rashi ne, amma ki karɓe shi.

Yayanki ba mugu ba ne. Ke kin san Baban cikin bas, shi kuma shi ya ɗauko Baban gefen titi a bayansa. Kowannenku abin da ya gani yake karewa, kuma duk gaskiya ne. Inda ya yi kuskure shi ne da ya ɗauka hana shi fita shi kaɗai daidai yake da hana shi fita gaba ɗaya. Tsohon da ya daina ci, ya daina magana, shi ma yana cikin haɗari, sai dai nasa ba ya ƙara kamar birkin mota. Son kai kuwa, cire wannan daga ranki. Don 'ya ta so mahaifinta ya gane ta ba laifi ba ne.

Ku fara da asibiti, cikin makon nan. Kada ku tsaya a kan cewa gigin tsufa ba shi da magani. Ko ba a warkar da shi, likita zai duba ƙafar nan, ya duba ko akwai wani ciwo da ya hana shi ci, ya kuma koya muku yadda ake zama da mai irin wannan lalura. Ki roƙi yayanki ku je tare, ki faɗi ramar da Baba ya yi a gabansa. Abin da ya ƙi ji daga bakin ƙanwa, sau da yawa yakan ji daga bakin likita.

In za ki yi masa magana, kada ki fara da kwaɗo. Ki fara da ranar da ya goyo Baba, ki tambaye shi yadda ya ji, don ina zargin ba wanda ya tambaye shi. Sannan ki kawo abin da zai iya amincewa da shi: ranakun da ba makaranta, ke za ki fita da Baba, hannunki a nasa, ku je ku dawo tare. Ku fara da bas kawai, jirgi sai an ga hali. Ki nemi yayanki ya bi ku sau ɗaya ya zauna a baya ya gani da idonsa. A sauran ranaku ku duba cikin dangi ko maƙwabta ko akwai babban mutum mai hankali da zai riƙa raka shi, ko sau ɗaya ne a mako. Kada ku ɗora wa Dogo wannan nauyi. Mutumin kirki ne, amma yana da mota cike da mutane, idonsa ba zai tsaya a kan mutum ɗaya ba. A ɗinka lambar wayarku a cikin kowace rigar Baba, ko da rakiya.

Matar yayanki fa, ki kula da ita. Ita ce ke tsaye a gaban ƙofar nan kowace safiya tana neman abin da za ta ce. Duk fitar da kika yi da Baba, ita ma numfashi ta samu, kuma za ta iya zama mai goya miki baya wurin mijinta.

Ki koma motarku, kada aikinki ya taɓu. Ki faɗa musu gaskiya sau ɗaya, cewa Baba ba shi da lafiya, ba zai riƙa fitowa kullum ba. Mutanen da suka damu da shi haka ba za su ƙi leƙo shi a gida ba in kin nuna musu ƙofa, haka ma abokinsa na kasuwa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai ɗaci. Ciwon nan gaba yake yi. Wata rana za ku zauna a cikin bas ɗin, ya juyo ya tambaye ki ko ke wace ce. In ranar ta zo, kada ki tsananta masa sai ya tuna, kada kuma ki ɗauka tafiyar ta tashi a banza. Ki ce masa hanyarku ɗaya, za ki raka shi har inda zai sauka.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya jiƙan Mama, ya daidaita tsakaninki da ɗan uwanki, ya kuma ba ki ƙarfin zuciya.