Yaɓen Bangon Gabas

Filinge, 9 ga Mayu

Zuwa ga mai ɗakina Haske,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan jiki yana sauƙi. Yaya Sakina da mijinta, yaya zafin Yamai? Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda, 'yarki ta karanta miki.

Albishirinki. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar Lutaran da ke Yamai sun aiko wa majami'armu buhun siminti ashirin. Dattawa sun so a yi daɓe da shi, ni kuwa na kafe sai a shafe bango. Shekara talatin da ɗaya kina yi wa ɗakin sujadar nan yaɓe kafin kowace damina, ke da matan zumunta, har rashin kwanciyar hankali ya watsa su kika rage ke kaɗai, har ciwon baya ya kwantar da ke. Na rantse ba za ki ƙara taɓa laka ba.

Maƙwabcinmu Kailu magini ya ce siminti ba ya shiri da ginin ƙasa, wai bango yana numfashi. Na ce shi da bai taɓa zama ciki ba, ina ya ji numfashin? Dariya ya yi, ya yi aikin yadda na so. Da kin gani, sumul!

Mijinki mai kewarki,
Magagi

Filinge, 21 ga Agusta

Haske,

Ina gaishe ki, yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai.

Kwana takwas ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Bangon gabas ya faɗi. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama, siminti ya hana shi fita, ƙasar ta jiƙe daga ciki muna ta yaba kyan waje. Ranar Laraba da hantsi ya zame gaba ɗaya, ya danne bagaden da ake ɗora Jibin Ubangiji, da bencinki. Ba wanda ya ji ciwo, mun gode Allah. Laifina ne, ba na kowa ba.

Kailu bai yi mini gori ba, kuma wannan ya fi mini zafi. Shebur kawai ya ɗauko. Matarsa Fati ta ara mana tabarmi, ranar Lahadi mu tara muka karɓi Jibin Ubangiji ƙarƙashin gawo, kin san shi kuwa ba ganye da damina.

Fasto ya ce idan ɗakin bai tashi kafin Kirsimeti ba, manyan ikilisiya za su rufe wurin, shi kuma su tura shi wani gari. A nan aka ɗaura mana aure, Haske, a nan aka yi wa Sakina baftisma. Kailu zai ɗora tubali, amma ya ce yaɓe irin naki shi ma bai iya ba. Don Allah ki faɗa wa Sakina ta rubuto: ƙaiƙayi nawa, ƙasar suri nawa, kwana nawa kwaɓin yake yi kafin a shafa?

Naki,
Magagi

Filinge, 30 ga Oktoba

Haskena,

Ina gaishe ki da ƙauna. Takardar Sakina ta iso. Ta ce ɓarin jikinki ya shanye tun farkon wata, baki ya rufe, amma kina ji, kuma da ta karanta miki tambayata kin yi ta motsa leɓe kina hawaye. Ki yafe mini. Ba zan sake tambaya ba.

Bango ya tashi. Sau uku ina kwaɓi da ƙafafuna, sau uku yana tsagewa kamar bakin tafki da rani. Duk shekarun nan ina zaune a gindin darbejiya ina shan shayi, ina ce miki sannu da aiki, ban taɓa leƙa ramin kwaɓin ba. Yau kunya ta ishe ni.

Na roƙi Sakina ta kawo ki idan likita ya yarda. Ba sai kin ce komai ba. Zan shimfiɗa miki tabarma a inuwar, ni in shiga laka. In na yi ba daidai ba, ki girgiza mini kai.

Ubangiji ya riƙe ki.

Mijinki,
Magagi