Wuƙar Baba Ta Koma Hannun Nu'man

Briketeri, Yawunde
Watan Sha'aban, Janairu 1995

Zuwa ga Yayana Alim, a Garwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, Ya kai mu azumi da rai da lafiya. Mu nan sai godiya. 'Yarka Hadija ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunan Baba, muna kiransa Babba. Yaron ya ɗebo hancinka kaf, Allah dai Ya sa bai ɗebo taurin kanka ba. Gari kuwa yana nan yadda ka sani. Tun da aka zaftare albashin ma'aikata, aka kuma karya darajar kuɗi, kiriz ɗin nan, wato matsin tattalin arziki, ba ta sake kowa ba. Mutanen ofis da suke cika mana unguwa da yamma don cin soya, tsiren nan namu, yanzu sai su bi ta gaban rumfa su shaƙi hayaƙi su wuce.

Saƙonka ya iso ni ta bakin Haman, ranar da ya sauke shanunsa daga jirgin ƙasa. Ya ce ka ce in shirya ƙanenmu Nu'man, in zai koma ya tafi da shi, ka riga ka yi magana da malamin nan na ƙauye da ake kai wa masu taɓin hankali. Na san gidan, Yaya. Na kuma san marin da ake sa musu a ƙafa. Zan faɗa maka tun daga farko don kada ka yi ta jira a tasha: ban shirya shi ba, ba kuwa zan shirya shi ba. Ba raini ba ne, kai ne ubanmu tun da Baba ya rasu. Amma abin da ya iso kunnenka shi ne wai Nu'man ya haukace yana neman wuƙa a unguwa, kuma wannan rabin magana ce. Ka yi haƙuri ka ji sauran.

Ka san rumfarsa ta soya ta durƙushe bara, ya koma aiki ƙarƙashin Baba Garga, maigidan da ya koya masa sana'a tun yana saurayi. Mutumin da ya riƙe yara a ƙarƙashinsa ya dawo ana aikensa. Bai yi ƙorafi ba, ka san halinsa. Ana cikin haka zazzaɓi ya ɗauke 'yarsa Jannatu da damina. Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, don ko hawaye ba a gani ba, washegarin sadakar uku ma ya koma bakin aiki. Ni da nake daka wa rumfar yaji, kullum ina can da hantsi, na ga abin da masu yabo ba su gani ba. Nu'man da ke cika rumfa da barkwanci ya zama sai an yi masa magana sau biyu kafin ya ɗago. Matarsa Salamatu ta ce ba ya barci, abinci kuwa sai ya tsakura ya ture. Wata rana yana cikin yanka nama sai ya tsaya cak da wuƙa a hannu, ya zuba wa wuta ido, hawaye na zuba, naman da ke kan waya ya ƙone ƙurmus bai motsa ba. Wata mata da ta zo saye ta gan shi haka ta juya da gudu. Abin da ya yi ke nan, Yaya. Bai ɗaga wa kowa hannu ba, ko a ranar ko bayanta.

Daga nan ne aka yi kuskuren da ya kusa cinye shi, kuma masoyansa ne suka yi. Baba Garga ya tsorata, yaran rumfa suka tsorata, amma babu mai iya duban idon magidanci kamar Nu'man ya ce masa kanka ba daidai yake ba. Ka san mu da kara. Sai suka jira ya tafi sallar la'asar, suka ɗauke wuƙarsa suka ɓoye. Wuƙar Baba nake nufi, mai ƙotar ƙaho, wadda ya miƙa masa da hannunsa a ciwon ajali, lokacin da kai ka ce ka bar fawa ka kama fatauci. Da ya dawo ya tambaya, kowa ya ce bai gani ba. Wani ya ce ko a gida ya baro ta. Ya zo ya birkice ɗaki, ya ɗaga katifa, ya zazzage buhun gawayi, ya bi maƙwabta gida-gida har unguwar Ekudu yana tambaya ko an ga wuƙarsa. Wannan shi ne neman wuƙar da aka kawo maka labari. Ka kuma san mahauci ba ya aron wuƙar wani, shi ma bai roƙi ta kowa ba. Baba Garga ya ajiye masa benci a gefe, ya ce ya zauna ya huta, rabonsa ba zai yanke ba. Haka ya riƙa wuni a zaune kamar baƙo a wurin da ya girma, yara suna zagaye shi, kowa na kare wuƙarsa da gefen riga in zai wuce.

Abin da ya faɗa wa Salamatu a lokacin shi ya fi tsaya min a rai. Ya ce mata shi dai ya tabbata da hannunsa ya ajiye wuƙar nan a kan katako, to in mutum biyar sun ce ba haka aka yi ba, ashe kansa ya daina gaya masa gaskiya. Ya ce wanda ya yar da wuƙar ubansa bai sani ba, wata rana zai yar da ɗansa bai sani ba. Daga ranar ya daina ɗaukar ɗansa Najib, ko yaron ya miƙo hannu sai ya kau da kai. Bai jima ba ya daina fita gaba ɗaya, ya rufe kansa a ɗaki, ko masallaci sai an ja shi. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Wallahi na yi kuka a kwanakin nan irin wanda ban yi ba tun mutuwar Inna.

Allah cikin ikonSa, wata safiya na kai yaji gidan Baba Garga maimakon rumfa, matarsa ta ce in shiga in ajiye a ɗakin kaya. Ina matsar da wani kwando sai ga ƙotar ƙaho ta leƙo daga cikin tsumma. Ko a duhu na san wuƙar Baba. Na naɗe ta na sa a cikin mayafi, na nufi rumfa. Ka san bakina, amma ranar na riƙe shi, don tsohon ya haife ni. Na ja shi gefe na durƙusa na gaishe shi, na buɗe tsumman a gabansa. Ya dubi wuƙar. Daga baya ya ce tsoro ya ji, ba don yaran rumfa kaɗai ba, har don shi Nu'man ɗin, kada ya juya ta a kan kansa. Na ce masa tsoronsa yana kan hanya, ni ma na ji irinsa, amma da ya ɗauke wuƙar ya ce ni na ɗauka, da ya bar wa yaron hankalinsa ko da ya raba shi da wuƙa. Na gaya masa maganar Najib. Tsohon nan ya cire hularsa ya riƙe, ya yi ta salati.

Da yammar ranar ya zo gidan da kansa, ya yi sallama a ƙofar ɗakin Nu'man, ya shiga ya zauna a tabarma. Muna tsakar gida ni da Salamatu muna ji. Ya ce masa wuƙa ba ta ɓata ba, a kan katako ya ajiye ta kamar yadda ya faɗa, shi Garga ne ya sa aka ɗauke, shi ya sa yara suka yi ƙarya, kuma ya zo neman gafara. Ya ce masa shi Nu'man ba shi da lafiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma ciwo ba abin kunya ba ne a rumfarsa. Nu'man ya tambaye shi har sau uku ko da gaske a kan katakon take. Da ya tabbatar masa, sai ya fashe da kuka mai sauti, yana kiran sunan Jannatu. Kukan da bai yi ba ranar da aka kai ta, ranar ya yi shi.

Baba Garga ne ya rufe rumfa rabin wuni ya raka mu asibiti, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa. Na san abin da mutane ke faɗa a kan wanda aka gani a wannan layin, mun kuma tsaya a cikinsa ido na ganin ido. Likitan ya daɗe da shi, da Faransanci da ɗan Fulatanci suka fahimci juna. Ya ce ciwon baƙin ciki ne da ya yi nauyi har ya danne shi, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, amma yana son lokaci. Ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Nu'man bai ɓoye ba, ya ce akwai ranakun da ya so ya kwanta kada ya tashi, tsoron Allah ne ya riƙe shi. Likitan ya rubuta magani, ya ce kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa ƙarya ko ta alheri ce, kuma a mayar da shi cikin mutane da aikin hannunsa a hankali. Addu'a ma ba mu bari ba, liman yana yi masa rubutu yana sha.

Ga yadda suka shirya a rumfa, kuma Nu'man da bakinsa ya kawo shawarar. Wuƙa tana kwana a wurin Baba Garga. Da safe ya miƙa masa ita a gaban kowa, ya tambaye shi yaya kan yau. In ya ce da sauƙi, ya kama yanka. In ya ce yau da nauyi, sai ya bar ta a hannun tsoho ya koma tsire nama a tsinke ko barbaɗa yaji, ba mai tambayarsa dalili. Da yamma ya wanke ta ya mayar da kansa. Ba zan ce maka ya warke ba. Maganin yana sa shi kasala, akwai ranakun da ba ya iya fita sam, wasu masu saye kuma har yau in sun hango shi sai su tsallaka rumfar gaba. Baba Garga ya ce su tsallaka, rabonsu ne ba ya nan. Amma ranar sunan Babba, ina raba goro na waiga na ga Najib a kan kafaɗar ubansa. Sai da na shige ɗaki na share fuskata.

Yaya, na san don ƙauna ka aiko, kuma na san nauyinmu da kake ji a wuyanka. Amma mutumin da ƙarya guda ta abokan aikinsa ta kusa kashewa, in muka ce masa ziyara za shi Garwa, ya sauka ya tarar da mari, ba zai sake yarda da kowa ba har abada, har da kansa. Shi ya sa na gaya masa saƙonka yadda yake, ban rage komai ba. Ya ce kai babba ne, in ka dage zai bi Haman, ba zai saɓa maka ba. Ka ga ke nan maganar tana hannunka, kuma ita ce ta hana ni sukuni. Ina roƙonka don darajar iyayenmu, ka janye. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka zo da kanka bayan salla ka zauna a bencin rumfar nan ka gani.

Ka gaishe min da Yaya Najiba da kyau, ka ce mata man zafin da na aiko na gwiwarka ne, kada ta bari ka rabar. Ina gaida Gali da Yahya da sauran yara, da Kawu Njidda in ya shigo gari. Salamatu da Hadija suna gaishe ku, Baba Garga ma ya ce a miƙa gaisuwarsa.

Haman zai iso maka ba tare da Nu'man ba, sai da ƙunshi guda a cikin takardar siminti. Kilishi ne. Da ya ji saƙonka, washegari ya karɓi wuƙar Baba, ya zaɓi cinya, ya zauna ya yanka shi da hannunsa, ya shanya a ranar nan tamu da ba ta da tabbas, ya ce a kai wa Yaya. Kai ɗan mahauci ne, ba sai an yi maka bayani ba. Kafin ka ci, ka ɗaga falle ɗaya ka duba shi a hasken rana, ka ga ko akwai inda ya huje ko inda ya yi kauri. Sannan ka aiko min da amsa, ko mai wannan hannun ne za a ɗaure.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran amsarka,
Hansai